Kafin Ka Ɗaura Tirela a Motar Surukinka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗan Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Babura lafiya, kai da mai ɗakinka da abokina ɗan ƙarami mai ja min gemu. Allah ya sa kun shiga garin a sa'a, ya tsare ku a gida da kan hanya, ya raba ku da mugun ji da mugun gani, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a aljihuna. To, waya ba ta riƙe magana. In na kira ka, abin da za ka yi ta yi shi ne "to Baba, to Baba," har in gaji in kashe, kai kuma ka je ka aikata abin da ka riga ka ƙudura. Na san halinka, don ni ka biyo. Takarda kuwa in ka ajiye ta yau, gobe tana nan tana jiranka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ajin yaƙi da jahilci na yi, ga ido ya fara ja da baya.

Innarka ta gaya min surukinka Alhaji ya ce kada ka wahalar da kanka da neman mota. Wai ga a-kori-kurarsa nan da ya daina hawa, ka saya yadda ka ga za ka iya, ka ɗaura mata 'yar tirelar da na ba ka, ka fara jigilar riɗi da gero da dabbobi zuwa kasuwanni. Allah ya saka masa da alheri, mutumin kirki ne, na shaida. Amma tun da na ji maganar nan hankalina bai kwanta ba. Ba zarginsa nake ba, ko kusa. Na dai san abin da kunya za ta sa ka yi. Za ka tsuguna ka yi godiya, ka karɓi makulli da hannu biyu, ko bakin injin ba za ka buɗe ba. Ni ma na taɓa yin haka. Zan zo kan wannan, amma bari in faro maka daga tushe.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma a wurinsa ya kamata in koyi sayen mota. In zai sayi bijimin amalanke, ba ruwansa da kyan ƙaho ko ƙyallin gashi. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya danna doro, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce a ɗaura masa amalanke, a loda taki, a kora ya gani. Mai bijimi ya yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Yakan ce min, "Buba, abin da zai ja kaya, da kaya ake gwada shi." Har yau ina ganinsa da malafarsa, sanda a saɓe a wuya, muna dawowa daga kasuwar Gwiwa a ƙasa, ni na riƙe igiya, ƙanena Ilu, baffanka, mai ce min Hamma, yana waƙa a baya. Kai, zamanin nan ya yi daɗi! Ba mu da komai, kuma ba mu san ba mu da komai ba.

Da shanu suka ragu, wurin kiwo ya zama gonaki, sai na ce ni ƙarfe zan kama. Mota ta farko da na saya kana cikin zanin goyo. 'Yar ƙarama ce ja, 'yar Kwatano, kujerunta kamar na ɗakin amarya. Wallahi kyanta kawai na saya. Ran da na shigo da ita unguwa har maƙwabta suka fito, Goggonka, yayata da ta raine ka, ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Buba, wannan ai ba mota ba ce, budurwa ce!" Ashe gaskiya ta faɗa ban gane ba. Na sa aka ƙera min tirela, na ɗaura wa budurwa, na loda gero iya son raina, na nufi Babura, garin da kake yanzu.

A kan kwalta ta yi ta nishi tana tafiya. Muna sauka kan rairayin nan naku sai ta ce ba da ita ba. Na taka, ta tona. Na ƙara takawa, ta ƙara nutsewa. Lagireto ya tafasa, kuloci ya ƙone, wari ya tashi kamar ana babbakar kai. Ina tsaye riƙe da ƙugu sai ga wani Ba'adare daga tsallaken iyaka da shanunsa biyu. Ya kwance amalankensa, ya ɗaura wa motata igiya, shanun suka fizge ta tsaf. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ka ce shanu kake so ai da na raka ka kasuwa." Mutane suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don ba yadda zan yi.

Saboda haka ka ji. Kowace mota akwai iyakar nauyin da maƙeranta suka yanka mata ta ja. Yana rubuce a littafinta, wani lokaci a ɗan farantin da ke jikin ƙofar direba. Kai ka yi boko, ka karanta da idonka, kada ka ɗauki na bakin dillali. Ka haɗa nauyin tirelar ita kanta da na buhunan da za ka riƙa ɗorawa a ranar da kaya suka fi yawa, ba ranar da kasuwa ta yi sanyi ba. In lissafin ya zo dab da iyakar, to motar ta yi maka kaɗan, domin wanda kullum yake ɗaukar iya ƙarfinsa ba ya tsufa da lafiya. Ka nemi doguwa mai nauyin jiki, mai shan gas, mai giyar hannu. In ka sami wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, rairayin Babura ba zai mai da kai abin dariya ba.

Da na tashi sayen ta biyu na ce ai yanzu na yi hankali. Na sami wata farar a-kori-kura a hannun dillali a Kazaure, ƙatuwa, injinta na ruri. Na ce sai na gwada. Muka hau kwalta ni da shi, ba kaya, ba tirela, ta yi ta gudu kamar za ta tashi sama. Dillali ya ce, "Ka ji ko? Wannan ko dutsen Kazaure ka ɗaura mata sai ta ja." Na ce na ji. Ban tambayi aikin da ta yi a baya ba. Sai daga baya na ji shekara da shekaru tana ɗibar yashi da bulo. Sifirin ɗinta ya gaji, birkinta ya cinye, an dai shafa mata fenti an fito da ita kasuwa.

Na kuma ƙara wa kaina da wani wawancin. Ran da na fara ɗaukar gyaɗa, sai na jera manyan buhuna a can ƙarshen tirela, wai don saukewa ta yi sauƙi. Muna cikin tafiya wajen Yankwashi sai tirela ta fara kaɗawa kamar jelar kare, ta yi dama ta yi hagu, motar ma ta kama rawa. Na taka birki, birki ya ce bai san zancen ba. Tirela ta turo ni daga baya har tsakiyar gonar waken wata tsohuwa. Tana tsugune tana roro, ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ce, "Sannu direba. In wake kake so ai sai ka yi sallama." Allah ya jiƙan tsohuwar nan in ta rasu. Har fura ta dama min kafin a ciro motar.

To ka riƙe wannan. Mota mai ja, tsayawarta ta fi gudunta muhimmanci. Kada ka yarda da gwajin da aka yi ba kaya. Ka ɗaura tirelarka, ka loda ta kamar ran kasuwa, ka hau tudu ka ga ko allurar zafi za ta tashi, ka gangaro ka ga ko za ta tsaya inda ka ce ta tsaya. Ka je mata da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, don injin da ya kwana ba ya ƙarya, ka dubi irin hayaƙin da za ta fitar. Ka tsaya daga nesa ka ga ko bayanta ya zauna. Ka tambayi aikin da ta yi, kuma ba mai ita kaɗai za ka tambaya ba, ka tambayi bakaniken da ke gyara ta. Kaya masu nauyi kuma a kan tayar tirela suke zama, su ɗan karkata gaba, ba a jela ba. In za ka gangara, ka sa ƙaramar giya tun daga sama, kada ka bar wa birki aikin shi kaɗai.

Waɗannan biyun ka sha jin ina ba da labarinsu a ƙofar gida ana dariya. Na ukun ban taɓa gaya maka ba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Akwai wani dattijo a Kazaure, aminin kakanka, tsohon ma'aikacin hukuma. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Mutum ne da in na hango shi tun daga nesa nake cire takalmi. Ya ji ina neman mota, sai ya aiko aka kira ni. Ya nuna min a-kori-kurarsa a ƙarƙashin rumfa, kusa da rijiya. Ta daɗe a ajiye, amma kullum sai an wanke ta, tana sheƙi har kana ganin fuskarka. Ya ce, "Buba, gida bai ƙoshi ba ai ba a kai wa dawa. Ɗauki abarka." Zuciyata ta ce min duba ƙarƙashinta. Amma ta yaya? In kwanta a gaban aminin ubana ina leƙen kayansa kamar na zo wurin ɓarawo? Na tsuguna na yi godiya, na karɓi makulli da hannu biyu.

Allah bai bar ni haka ba, ya sake ba ni dama. Na kai ta wurin Tanimu mai walda don ya kafa mata ƙugiyar da za a rataya tirela. Ka san Tanimu, bakinsa ba linzami. Ya shiga ƙarƙashi, ya ɗan jima, ya fito da wani abu a tafin hannunsa kamar ɓawon gyaɗa. Tsatsa ce. Ruwan wankin nan na kullum da laimar gindin rijiya sun cinye shasin, wato ƙarfen da duk motar ke zaune a kansa.

Ya ce, "Malam Buba, ƙarfen nan ya mutu. Walda ba ta kama matacce."

Na ce, "Kai Tanimu, ka san ko motar waye wannan?"

Ya ce, "Ko ta waye. Tsatsa ba ta san Alhaji ba."

Raina ya ɓaci. A ganina in na yarda da maganarsa, kamar na ce dattijon nan ya cuce ni ke nan, kuma sai in mayar masa da mota, abin da bakina ba zai iya ba. Na ja motata na kai wa wani mai waldar da ba ya magana. Ya liƙa ƙugiya a inda na nuna masa. Ko sarƙar tsaro, wadda ke riƙe tirela in ƙugiya ta saki, ban sa ba.

Wata uku tana aiki lafiya, har ina yi wa Tanimu dariya. Sai ran nan da hantsi, bayan ɗaukewar damina, muka tashi kai Kyalla Kazaure don likitan dabbobi ya duba ta. Kyalla ita ce saniya ta ƙarshe da ta rage mana daga garken kakanka, mai farin goshi, nononta ka sha da aka yaye ka. Tsoron mota take, don haka Baffanka Ilu ya ce shi zai zauna da ita a tirela ya riƙe mata igiya. Ban hana shi ba. Lokacin yana sabon ango, ƙarfi ya ishe shi, a kokawa ba mai kai bayansa ƙasa a duk yankinmu.

Mun zo gangaren nan na tsakanin duwatsun Roni sai na ji ƙaras! Nan take motar ta yi sakayau. Ban taɓa jin tsoron sauƙi ba sai ran nan. Na dubi madubi, na ga tirela ta rabu da ni tana tafiyarta ita kaɗai, Ilu a tsaye ya rungume wuyan Kyalla. Ta bar hanya, ta daki dutse, ta kife cikin kwazazzabo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san yadda na sauka ba. Na tarar da ƙarfen tirela ya danne ƙafar Ilu, Kyalla kuma a gefe ƙashin bayanta ya karye, tana numfashi sama-sama. Ina ƙoƙarin ɗaga ƙarfe, sai Ilu ya riƙe min riga ya ce, "Hamma, bar ni. Yanka ta tukuna, kada ta yi mushe." Da hannuna na yanka saniyar ubanmu a bakin hanya, ina kuka kamar mace ta rasa ɗa. Da mutane suka taru aka ɗaga tirela, sai ga ƙugiyar nan lafiya lau, walda ba ta saki ba. Shasin ne ya ɓalle ya biyo ta, kamar yadda Tanimu ya faɗa.

An yi ɗori, an yi asibiti, ƙafa dai ba ta koma daidai ba. Kai ka tashi kana jin wai bijimi ne ya tunkuyi baffanka. Shi ya ƙirƙiro wannan labarin da kansa don ya rufa min asiri, kuma har yau bai taɓa ɗaga ido ya dube ni da maganar ba. Duk sanda na ga yana jan ƙafar nan zuwa masallaci, ni na san bijimin da ya tunkuye shi.

Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne ranar da dattijon ya zo jaje. Ya zauna kusa da Ilu, hawaye na bin gemunsa. Da zai tafi na raka shi, ya tsaya a zaure ya ce, "Buba, me ya hana ka duba? Ni ban san ta ruɓe ba. Wallahi da ka tambaya, ni da kaina zan shimfiɗa maka tabarmar da za ka kwanta a ƙarƙashinta. Yanzu ka sa ni cikin alhakin ɗan aminina." Ka ji fa. Kunyar da na yi don in girmama shi, ita ta sa ya ƙare kwanansa da wannan nauyin. Ba ta amfane shi ba, ba ta amfane ni ba, Ilu kuma ya biya da ƙafarsa.

Kafin in rubuta wannan sai da na je na nemi izinin baffanka. Yana gyaran igiya a gindin darbejiya. Ya ce, "Hamma, rubuta masa. Tawa ta riga ta tafi, kada wata ta bi ta." Shi ne ma ya ce shi zai kawo maka takardar da kansa ran kasuwa. In ya iso ka ba shi wurin zama mai tudu, tabarma tana ba shi wuya.

Ga abin da nake roƙonka. Ka je wurin surukinka ka gaishe shi yadda ya kamata, ka yi godiya. Sannan ka ce kana neman izini a duba motar, a ɗaura mata tirela da kaya a gwada. In bakinka ya yi nauyi, ka ɗora laifin a kaina. Ka ce tsohon nan na Gwiwa ne ya kafe, rigimamme ne, kowa ya san shi. Na yarda, ka faɗa. Tanimu yana nan da ransa, ya tsufa amma bakin na nan yadda ka san shi, na kuma yi masa magana zai zo. Amma kada ka tsaya a gefe hannu a aljihu. Ka cire babbar riga, ka shiga ƙarƙashin motar tare da shi, ka ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa shasin daga gaba har baya, musamman inda ƙugiya za ta zauna. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi, matacce kuwa sai ka ji dum, yana zubar da gari. In kun ga tsatsa ta ci, ko an taɓa yin walda a wurin an rufe da baƙin fenti, ka bar ta, ko kyauta ce. Ƙugiya a jikin shasi ake ɗaure ta da manyan kusoshi, ba a jikin bamba ba. Sarƙa biyu, kullum, ko nan da bakin kasuwa za ka. Kuma ɗan Adam ba ya hawa tirela, ko waye, ko don me.

In Alhaji ya ɓata rai, zai huce. Amma ina kyautata zaton ba zai ɓata ba, domin 'yarsa da jikansa ne za su riƙa zama a gaban motar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san za ka ce Baba yana da bakin cewa a ajiye kunya, shi da ya fi kowa. Gaskiyarka. Kai ne ɗan farina. Tun ran da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba. Ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba. Da aka yaye ka Goggo na miƙa wa, na koma ce maka ɗan Goggo, ko "kai," ko "wannan yaron." Ran da ka faɗo daga bishiyar mangwaro ka karye a hannu, ina zaune a ƙofar gida aka wuce da kai, ban tashi ba. Haka muka gada, haka aka yi min, kuma ban ce al'adarmu banza ce ba. Amma na ga inda kunya take kaiwa in aka bi ta har bakin rami, kuma ba zan sake tsayawa ina kallo a madubi ba.

Saboda haka yau ni zan fara ajiye tawa, don ka ga ana iyawa.

Sulaimanu.

Ka ga na rubuta, kuma sama ba ta faɗo ba. Sulaimanu ɗana, ina sonka, ina kuma son in tsufa ina jin ƙarar motarka tana tsayawa a ƙofar gidan nan. Ka shiga ƙarƙashin motar surukinka ka duba.

Allah ya yi maka albarka. Ya sa ka fi ni hankali, ya ba ka abin hawa mai albarka, ya tsare gabanka da bayanka da abin da kake ja. Ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da ƙafafunka biyu. Innarka da Goggo suna gaishe ku. Ka shafa min kan abokina.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Buba, daga Gwiwa.